Tsohon injin zuƙe ƙura ya sauya launi: datti ne ko jikin ne ya rine?

Mai_Tara_Tsoffi:

Assalamu alaikum jama'a. Tsofaffin injinan zuƙe ƙura guda biyu ne suka shigo hannuna, duka irin na tsaye masu jakar yadi a jikin mariƙi. Na farkon gangar jikinsa ƙarfe ce, ta yi ruwan toka, in na goga yatsa sai ya fito baƙi. Murfinsa wani abu ne mai tauri, ruwan ƙasa mai duhu, ya dushe sarai. Na biyun ina jin na shekarun 1970 ne, murfinsa roba ce wadda da alama fara ce a da, yanzu ta koma rawaya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne gefen dama ya fi na hagu rinewa, sannan daidai saman kwan fitila akwai tabo mai duhu. Robar da ta zagaye gindinsa kuma ta yi fari-fari. Wani ya ce in jiƙa komai a ruwan bilic in bi da samfefa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Yaya zan bambance datti da lalacewa, kuma da me zan fara?

Baba_Bita:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye bilic ɗin da samfefar tukuna. Abubuwan da ka lissafa ba ciwo ɗaya ba ne, don haka magani ɗaya ba zai yi musu ba. Tambaya biyu za ka yi wa kowane ɓangare: da me aka yi shi, kuma launin nan a kansa ya hau ko a cikin jikinsa yake.

Cire wayar daga soket, ɗauki hoton kowane sukuru kafin ka kwance, sannan ka kifa murfin robar ka dubi cikinsa. Nan ne launin asali yake, inda haske bai taɓa kaiwa ba. Ka kuma dubi ƙarƙashin tambari ko inda wata roba ta rufe. Sai ka tsoma auduga a ruwan ɗumi mai sabulun wanke-wanke ka goga ɗan wuri a bayan murfin. In audugar ta fito rawaya tana ɗanɗanƙo, hayaƙin taba ne ko maiƙo ya zauna, wannan zai fita. In ta fito fes amma wurin yana nan yadda yake, robar ce da kanta ta rine. Yawancin murfuna na wancan zamani da wata roba mai suna ABS aka yi su, kuma hasken rana da zafi da iska suna cin wani sinadari a cikinta mai suna butadiyin, shi ne rawayar da kake gani. Gefen dama da ka ce ya fi rinewa, ina kyautata zaton shi ne ya yi shekaru yana fuskantar taga. Kada ka wahalar da kanka neman lambar nan ta cikin alwatika mai nuna nau'in roba, sai 1988 aka fara sa wa roba irin wannan alama.

Kada tina ko asiton su kusanci murfin nan, har da ruwan goge janfarce. Suna narkar da ABS nan take, wurin ya yi laushi ya rasa sheƙi har abada.

Murfin na farko, mai duhun, ina zargin bakalayit ne, robar da Leo Baekeland ya ƙirƙiro a 1907. Gane shi ba wuya. Goga babban yatsanka a kai da ƙarfi har wurin ya yi ɗumi, ka sansana, za ka ji wani wari mai kaifi na sinadari. Ya fi robar zamani nauyi, in ka ƙwanƙwasa da farce ƙararsa a dunƙule take. Masu tara kaya suna ɗiga man goge ƙarfe na Simichrome a auduga su shafa a ɓoyayyen wuri, in ta yi rawaya to shi ne, kodayake baƙi ko wanda aka shafa wa fenti kan ƙi nunawa. Abin da nake so ka riƙe shi ne sheƙin bakalayit fata ce siririya a sama. Ƙarƙashinta garin katako ne da aka cuɗa da sinadarin. Samfefa ta huda fatar nan, sai ka tarar da wuri mai kaushi mai ɗige-ɗige, kuma ba ya komawa. Sabulu kaɗan, a tsane shi maza, man gogewa marar kaushi da tsumman auduga, a ƙarshe a shafa masa kaki (wax). Haƙuri yake so, ba ƙarfi ba.

Ƙarfen kuwa, ka nemo maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne da aka yi wa fenti ko kurom, tsatsa ce matsalarsa. In bai kama ba, abu uku ne: alminiyam, ko zin (tutiya) na zubi, ko magniziyam. Zin yana da nauyi a hannu, kuma shi ne ke yin ƙuraje a ƙarƙashin kurom. Magniziyam ya fi alminiyam sauƙin ɗauka. Kada ka ce ba a samunsa a injin shara, Hoover samfurin 150 na 1936, wanda Henry Dreyfuss ya tsara, da magniziyam aka yi jikinsa, murfinsa bakalayit. Ɗiga binega ɗigo ɗaya a ciki inda ba fenti: magniziyam zai yi kumfa, alminiyam ba zai motsa ba. Ka goge wurin da ruwa nan da nan.

Baƙin da ke fitowa a yatsanka ya fi kama da alminiyam. In haka ne ka yi sa'a, don babu ɓangaren da ya fi shi biyan wahala. Tsofaffin injinan zuƙe ƙura na Kirby da ka gani suna walƙiya a hotuna, gogewa ce kawai. Man goge ƙarfe a tsumma, ka riƙa murzawa ɗan wuri ɗan wuri, tsumman zai yi baƙi ƙirin, ka juya wuri mai tsabta ka ci gaba. Amma kostik soda da ruwan wanke tanda suna cinye alminiyam, injin wanke kwanuka kuma yana mayar da shi baƙi-baƙi.

Maman_Injina:

Baba ya gama magana, ni dai zan ƙara kan rawayar. Akwai dabarar da masu tsofaffin kwamfuta suka yaɗa wajen 2008, suna kiranta Retrobright: haidurojin feroksaid da hasken rana. Na yi wa murfuna da dama, ga abin da idona ya gani. Kirim ɗin feroksaid na rinin gashi, mai ƙarfin kashi 12 cikin 100, yana aiki da sauri, amma in ya bushe a wani gefe ko ledar da aka naɗe ta tattare, sai murfin ya fito da zane-zane, wani wuri fari fat wani wuri rawaya. Wannan ya fi rawayar muni. Na fi son na ruwa mai rauni a cikin mazubi mai haske, a nutsar da murfin gaba ɗaya, a danne shi don kada ya taso, a riƙa juyawa ana dubawa. Yana ɗaukar lokaci amma launin yana fitowa bai ɗaya.

Ƙanena, ka cire duk wani sukuru da tambarin ƙarfe da sitika kafin ka tsoma. Safar hannu da tabarau dole ne. Kuma in robar mai launi ce, shuɗi ko kore, ban ba ka shawara ba, takan koɗe. Ka daina da zarar ya kusa launin cikin murfin, kada ka nemi ya fi asalinsa fari.

Dattijo_Sani_Kaya:

Hajiya, da girmamawa, ni ban ga dalilin wannan wahalar ba. Feroksaid saman robar kawai yake taɓawa, ba ya dawo mata da ƙarfin da ta rasa, kuma rawayar takan dawo bayan wani lokaci ko da an ajiye injin a duhu. Injin da ya haura shekara 45 in ya yi ruwan hauren giwa bai ɗaya, ni a wurina ya fi kyau a haka. Wanke shi, sa masa kaki, kau da shi daga taga. Inda zan yarda da ke shi ne irin nasa da gefe ɗaya ya fi ɗaya, wannan kam yana tsone ido.

Mai_Tara_Tsoffi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi yadda ka ce. Audugar farko ta fito ruwan ƙasa, bayan wanki rabin rawayar ya tafi, saura kuwa ya zauna daram, musamman dama. Maganaɗisu bai kama ba, binega ba ta yi kumfa ba, na goge ɗan wuri a ƙarƙashi har ina ganin inuwar yatsana. Saura tabon saman fitila da farin robar gindi. Sannan da na warware wayar da aka naɗe a jiki, na tarar ta bar sawunta a murfin, kamar ta nutse ciki.

Baba_Bita:

Madalla, alminiyam ne. Tabon fitila ƙuna ce, ba wanki ba feroksaid ba abin da zai fitar da ita. Ciro kwan ka karanta wat ɗinsa, ka gwada da abin da aka rubuta a jikin injin, sau da yawa wani ne ya sa wanda ya fi ƙarfin wurin. Ka dubi cikin murfin ma. Baƙin gari da ke gogewa da tsumma ƙurar kabon ce daga burushin motar da ke juya injin, ba abin damuwa ba ne. Amma in ka ga wurin ya kumbura ko wayoyin da ke kusa sun yi tauri suna farfashewa, kada ka kunna shi sai mai gyaran lantarki ya duba.

Farin robar gindi kakin da aka haɗa ta da shi ne yake tasowa sama. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, sai man kare roba wanda ba na fetur ba. In ka lanƙwasa ta a hankali ka ga tsaga, bar ta a jikin injin ka wanke ta a nan, cirewa ce ke karya su.

Sawun waya kuwa, man da ke sa rigar wayar laushi ne ya tsattsafo ya narkar da ABS inda suka daɗe a manne. Ba ya fita. Nan gaba ka naɗe wayar sako-sako, ka sa ta a jakar yadi ko ka raba ta da murfin da tsumma. Haka ma tiyo, in kana da shi.