Tunani na hana barci: me za a fara gyarawa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana kan mutumin da ke kwanciya a gajiye, amma da ya rufe ido sai tunanin aiki da na bashi su taso masa, ya yi ta juyi har ƙarfe biyu ko uku. Da safe ya tashi jiki a mace, abu kaɗan ya fusata shi. Ba maganin barci nake nema ba. A cikin halayen yau da kullum, wanne za a fara gyarawa, kuma ta yaya?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam, Malam. A fara da lokacin tashi, ba lokacin kwanciya ba. Barci ba ya zuwa da umarni, amma tashi a hannun mutum yake. Ya tsayar da lokaci guda, ya riƙa tashi a kansa kullum, har ranar hutu, ko da awa huɗu ya samu a daren. Yana tashi ya fita hasken rana na minti 15 zuwa 30, domin haske ne ke saita agogon jiki.

Dalilin haka: tun daga farkawa, wani sinadari mai suna adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke jawo nauyin ido da dare. Wanda ya rama barci da safe, ko ya yi awa biyu da rana, ya rage abin da ya tara, dare ya yi ido ya bushe. In barcin rana ya zama dole, kada ya wuce minti 20, kuma a yi shi kafin ƙarfe uku.

Sai kafeyin da ke cikin kofi da shayi da lemukan ƙara kuzari. Aikinsa toshe wurin da adenosin ke kamawa, kuma jiki kan ɗauki kimanin awa biyar kafin ya rage rabinsa. Wanda ya sha kofi ƙarfe biyar na yamma, ƙarfe goma na dare kusan rabin abin na nan a jininsa. Ya dakata daga tsakar rana.

Mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa:
Abin da Malama ta faɗa daidai ne, sai dai matsalar mutumin nan tunani ce, kuma gyaran agogon jiki kaɗai ba zai kashe ta ba. Tunani na zuwa da dare ne saboda da rana ba a ba shi wuri ba. To a ba shi.

A ware minti 15 zuwa 20 da yamma, lokaci guda kullum, aƙalla awa biyu kafin kwanciya, kuma ba a kan gado ba. A raba takarda gida biyu: gefe ɗaya abin da ke damun mutum, ɗaya gefen mataki na gaba. Ba "in biya bashi" za a rubuta ba, wannan buri ne. A rubuta "gobe da hantsi zan kira mai kuɗin mu yi maganar biya kashi-kashi". Abin da ba shi da mataki, a rubuta shi a bar shi haka nan. Lokaci na cika a rufe takardar. In tunanin ya dawo da dare, a ce masa an rubuta shi, sai gobe. Masanin halayyar ɗan'adam Thomas Borkovec da abokan aikinsa ne suka fito da dabarar a 1983. Inda ake ɓata ta shi ne a mai da zaman dogon zullumi ba tare da rubuta mataki ba, ko a yi ta kwana biyu a ce ba ta aiki. Tana son mako biyu ko fi.

Na biyu, in an kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, a sauka daga gado. A zauna a wuri mai ƙarancin haske, a yi karatu mara ɗaga hankali, sai ido ya yi nauyi a koma. Ko sau uku ne a dare, a maimaita. Wanda ya saba juyi a gado, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta haɗa gado da fargaba, wannan haɗin ake so a warware. Kada a duba agogo. Lissafin "saura awa uku" shi kansa yana ƙara bugun zuciya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To idan zuciyar na bugawa da sauri a lokacin fa? Kuma yaushe za a ce abin ya fi ƙarfin gyaran gida?

Ma'aikaciyar jinya:
Ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, ciki ne zai riƙa tasowa ba ƙirji ba. Hakan na ba da numfashi shida a minti, ya yi na minti biyar. Tsawaita fitar da iska ne ke sassauta bugun zuciya. Masu zuƙar iska da ƙarfi kan ji jiri da tsikarin yatsu, alamar sun yi gaggawa ke nan. A koye shi da rana lokacin da hankali ke kwance, in ba haka ba da dare ba zai zauna ba. A haɗa da tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, ya cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne mafi ƙaranci ga babba.

Batun ganin likita kuwa: in rashin barcin ya kai dare uku a mako har wata uku, ko baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun kai mako biyu, ko ana minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi, ko akwai rama da gumi da rawar hannu, waɗanda ciwon maƙoƙo ke iya kawowa, a je a ga likita. Wanda tunanin kashe kansa ya zo masa, ranar zai je asibiti, kuma ya faɗa wa wani na kusa da shi. Ƙwayoyi irin su diyazefam kuma, jiki na sabawa da su cikin 'yan makonni, barinsu farat ɗaya na da haɗari. Wanda ya riga ya daɗe yana sha, likita ne zai rage masa kaɗan-kaɗan.