Neman shawara kan kibod mai rabi biyu

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina da shagon buga takardu a Ƙofar Ƙaura, cikin Katsina. Lokacin da ɗalibai ke kawo furojet, nakan wuni ina bugawa, da dare wuyan hannuna na dama ya yi ta zogi. Wani abokina ya ce in gwada kibod ɗin da aka raba biyu, don hannaye su daina lanƙwasa.

To, nan na maƙale. Perixx Periboard-512 ya fi araha, amma a haɗe yake, maɓallan kawai aka raba. Kinesis Freestyle2 na rabuwa sosai, sai dai kuɗinsa, ga na kawowa daga waje. Corne kuwa maɓalli 42 ne kacal, babu layin lambobi, ni kuma kullum cikin lissafi nake. Lily58 na da lambobin, amma galibi sai an harhaɗa shi, kuma ban taɓa riƙe ƙarfen soda ba.

Sannan a ina zan ajiye ɓ, ɗ da ƙ?

Wanda ya taɓa amfani da ɗaya, kwana nawa ya ɗauka kafin hannunsa ya saba? Aikin mutane ba ya jira. Ana samu a Kano?