Shokazoba dai, wane suna za mu ba shi da Hausa?

Jama'a don Allah ku zo mu yi wa wannan ƙarfen suna. Sitiyari ya zauna, birki ya zauna, boris da giris sun zama namu tuntuni, ba su nake magana ba. Shokazoba ne yake damuna, ba don aro ba ne, sai don sunan bai gaya wa mai mota komai game da aikinsa, shi ya sa duk ƙarar da ta fito daga ƙafar mota sai ka ji an ce ai shokazoba ne. Ni kaina an taɓa canja min guda biyu na gaba saboda wani ƙwas-ƙwas da nake ji in na shiga gargada, na fito ƙarar tana nan yadda take, ashe ɗan linkejin stabilaiza ne, ɗan ƙarfen da ke haɗa ƙafa da sandar da ke rage kwanciyar mota a kwana, ya yi sako-sako.

To bari in faɗi aikinsa tukuna don kar mu raɗa sunan da bai dace ba. Ba shi yake ɗaukar nauyin mota ba, sifirin ne, wato ƙarfen nan mai matsewa ya saki da ke ƙafar mota. Kuma in ka faɗa rami sifirin ne yake lanƙwashewa ya shanye dukan. Matsalar sifirin ita ce in ya matse ya saki ba ya tsayawa, sai ya yi ta sama da ƙasa. Shi kuma shokazoba bututu ne cike da mai, da fistin a ciki mai ƙananan ƙofofi, duk motsin da ƙafa ta yi dole man ya kutsa ta ƙofofin nan da ƙyar, ƙarfin motsin ya koma zafi, sai motar ta nutsu. Shi ya sa in ka taɓa shi bayan doguwar tafiya a hanya mara kyau za ka ji shi da ɗumi.

Wani ɗan uwa ya kawo "mashanyin gargada". Malam sunan ya yi daɗi a baki amma fassarar Turancin ce kai tsaye, wato "shock absorber", kuma Turancin ma a nan ya kauce, tunda mai shanyewar sifirin ne. Injiniyoyi da yawa damfa suke ce masa, wato mai dusashe motsi, Faransanci ma kalmarsu a kan wannan ma'anar take.

Wata 'yar uwa ta ce "matashin mota". Hajiya wannan ki bari mu ajiye wa bushin, robar nan da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, duk da ni guringuntsi na fi so masa, don aikinsu ɗaya da na gwiwar mutum, in ya cinye sai ƙashi ya fara gugar ƙashi.

"Birkin sifirin" kuwa wallahi ma'anar ta fita sarai, na daɗe ina juya ta. Tsorona kawai a ce wa mutum birkinka ya mutu ya ɗauka birkin tsayawa ake nufi.

Sai "hana-rawa". Nan ne nake so mu tsaya sosai, don rawa a bakin masu mota tana da wurinta. In mutum ya ce sitiyarina yana rawa, yawanci abin da yake nufi in ya kai wani gudu, kamar 90 ko 100, sitiyarin ya riƙa karkarwa a hannunsa, in ya rage ko ya wuce wajen ta lafa, wannan kuwa galibi balansin taya ne ko wili ya lanƙwashe. In kuma sai ya taka birki rawar take zuwa to faifan birki za a duba. In muka ce hana-rawa mun sake tura mutane sayen abin da lafiyarsa ƙalau, mun koma gidan jiya.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne hana-lilo. Lilo shi ne abin da mota take yi in ya mutu, ka haye tudun rage gudu ta yi ta lilo kamar kwale-kwale, ka taka birki hancinta ya duƙa ƙasa, ka sha kwana ta kwanta gefe guda. Kuma sunan da kansa gwaji ne, ka danna kusurwar motar da ƙarfinka ka saki, in ta taso sau ɗaya ta tsaya yana da rai, in ta ci gaba da lilo sau biyu sau uku ya gama aiki. Ka leƙa jikinsa kuma, in ka ga mai ya jiƙe shi ƙura ta manne to ya zubar. Tayar ma tana faɗa, za ka ga ta ci rami-rami kamar an ƙwaƙule, saboda tsalle take a kan titi maimakon ta manne.

Wani bakanike ya yi min gyara kuma ya yi gaskiya, ya ce oga ai na gaban yawancin ƙananan motoci ba shi kaɗai ba ne, haɗe yake da sifirin, kuma shi yake riƙe da saman ƙafar har yana juyawa tare da sitiyari. Haka ne, tsarin MacPherson kenan, sunan injiniyan Amurka da ya ƙirƙiro shi. Wannan sai mu ce masa turken hana-lilo, tunda turke ne da gaske, kuma in kansa na sama ya lalace shi kam yana ƙara, musamman in kana murza sitiyari a tsaye.

Sauran ƙarar kuwa kafin a taɓa hana-lilo a ɗaga motar a jak. Riƙe taya dama da hagu ka girgiza, in da sako-sako tayarod ne ko rak, wato ƙarafan da ke kai juyin sitiyari zuwa taya. Riƙe sama da ƙasa, in ta motsa boljoin ne, wato gaɓar da ƙafar take juyawa a kanta, ko boris, shi boris ma tun a hanya za ka ji gurnaninsa yana ƙaruwa da gudu. Ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana sosai kan shaf ne, wato gaɓar da ke bakin sandar da take juya taya. Mota tana ja gefe guda, fara auna iskar taya kafin ka je alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi.

Boljoin ɗin nan ma yana buƙatar suna, kuma kar a bar shi ya yi nisa don in ya fita ƙafar gaba ɗaya take karyewa mota na tafiya. Ina tunanin gaɓar ƙugu, tunda dunƙule ne a cikin kwarmi kamar na mutum, amma masu aikin ƙafa ku kuka fi kusa da shi, me kuka gani?