Cire dashbod na tsohuwar Hiace don gyaran AC

Direban Jidda: Salamu alaikum 'yan'uwa. Hiace ce ƙirar 2001, in an zuba firiyon, wato gas ɗin AC, sai ya zurare cikin mako biyu. An ce talaja ce ta huje, wato na'urar da ke sanyaya iska a bayan dashbod. Dole ne a sauke dashbod gaba ɗaya?

Mai gareji, Makka: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka taɓa noti tukuna. A hura naitirojin, a bi mahaɗan bututu da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne yake zurara. In tana da AC na baya, duba dogayen bututun ƙarƙashin mota, tsatsa na cin su, balle a Jidda mai iskar gishiri. Sannan ciro akwatin ajiya na gaban fasinja ka leƙa, wani sa'in talajar na fitowa ta nan.

Bakaniken sana'iyya (unguwar garejoji): In ya zama dole: a zuƙe gas, cire wayar batir ta maina (mai alamar -), jira minti biyu saboda jakar iska. Kwance notin da ke riƙe da sandar sitiyari, ka kwantar da ita a kujera. Sai mita, rediyo, da igiyoyin maɓallan iska. Yawanci sifana 10 da 12 ne. Ɗauki hoton kowane soket. Robar dashbod ɗin rana ta gasa ta, in ta ƙi fitowa akwai sukurun da ya ɓuya, fizga kuwa fasawa ce.

Mai gareji, Makka: Haka ne Alhaji. Tunda an buɗe, canza bawul ɗin da ke shigar da gas cikin talaja, da diraya mai tsotse danshi daga gas, da robobin mahaɗi, a shafa wa robobin man kwamfaresa. A yi bakyum, wato a zuƙe iska da danshi daga bututun, minti 30 kafin a zuba gas ɗin R134a, da awo ba da ido ba. Tiyon da ke zubar da ruwan talaja waje ma a mayar da shi raminsa, in ba haka ba kafet zai jiƙe.