Mahaifiyata ta daina takawa tun da ta faɗi: shin gashin ƙashi zai taimaka mata?

Autar Hajiya:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta haura shekara 70, kuma a watannin baya santsi ya kwashe ta a bakin banɗaki lokacin da ta fito alwalar asuba. Allah Ya kiyaye ba ta karye ba, sai dai tun daga ranar tsoro ya shige ta, ta koma wuni a kan tabarma, mu ma muka hana ta ko da ɗaukar buta. Yanzu miƙewa ma ba ta iya yi sai an kama ta. An ba mu shawarar kai ta sashen gashin ƙashi, ni kuwa a sanina wurin na masu karaya ne da masu shanyewar ɓarin jiki. Akwai abin da za su yi wa wadda ba ta karye ba?

Ma'aikacin Gashi:
Wa alaikumus salam, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Akwai, kuma ina roƙonku kada ku jinkirta. Zaman da kuka sa ta, ko da yake tausayi ne ya kawo shi, yana ƙara mata haɗari, domin tsokar cinya da ta sha-raɓa suna saurin sakewa idan tsoho ya daina aiki da su, kuma da waɗannan tsokoki ne mutum yake tare kansa idan ya yi tuntuɓe. Lamarin ba ƙarami ba ne, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a kowace shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya.

Abin da za a fara yi mata gwaji ne mai sauƙi: ta tashi daga kujera, ta taka mita 3, ta juyo ta zauna, ana duba agogo. Idan ta ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, alama ce tana iya sake faɗuwa. Daga nan sai a tsara mata atisaye daidai ƙarfinta, kamar tashi da zama a kujera tana rage dafawa a hankali, ɗaga dugadugai tana riƙe da bango, da tafiya tana ajiye diddige a gaban yatsun ɗaya ƙafar. A Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand aka haɗa irin wannan tsari, wanda tsoho yake yi a gida sau uku a mako, kuma bincike ya nuna yana rage faɗuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai amfaninsa yana tare da ɗorewa, idan aka daina ƙarfin yakan koma. In kuna Kano, asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna da wannan sashe.

Uwar Biyu:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in ƙara da cewa ku tafi da duk magungunanta. Wasu magungunan hawan jini da na barci suna sa jiri idan mutum ya miƙe farat ɗaya, musamman da asuba, saboda haka ta riƙa ɗan zama a bakin gado kafin ta tashi. Kada ku dakatar da magani da kanku, likita ne zai daidaita shi. A duba mata ido saboda yanar ido, idan kuma tana da ciwon suga a duba tafin ƙafarta, domin yakan dusashe jin taɓawa har mutum ya kasa tantance inda ya taka.

Autar Hajiya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yayana ya saya mata sanda amma ta ce tana sa mata ciwon kafaɗa. Mu ƙyale ta ne?

Ma'aikacin Gashi:
Mai yiwuwa sandar ta yi mata tsawo. Idan ta tsaya ta saki hannu, ya kamata marikin ya zo daidai wuyan hannunta, kuma a ƙasan sandar a sa roba don kada ta zame a kan siminti. Ku tafi da ita a gyara tsawon a koya mata riƙo. Kafin ranar zuwanku, ku kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, ku sa fitila a hanyar da take bi da dare, sannan ku sauya mata silifas da takalmi mai kama diddige.