Wace kalma za mu sa wa faifan da Turawa ke kira "vinyl"?

Mai gyaran rediyo, Dambatta:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, kalma nake nema. Matasanmu sun fara shiga Discogs da eBay, kasuwannin intanet, suna sayen tsofaffin faya-fayan kiɗa, har da waɗanda kamfanonin kiɗa na EMI da Decca suka fitar a Legas. In ka ce "faifai" kawai, yanzu sai a ɗauka CD kake nufi, ko faifan bidiyo na waya. "Faifan garmaho" muka gada. Ya wadatar?

Malamin makaranta, Ringim:
Wa alaikumus salam. Malam, bai wadatar ba, kuma akwai ɓarna a ciki. Faifan garmaho na asali shi ne mai juyi 78 a minti, yawanci inci 10, kowane gefe kamar minti 3. Da wani irin ƙaro ake yin sa wanda ƙwaro ke fitarwa a Indiya, shi ya sa yake da nauyi, in ya faɗi ya tarwatse kamar tangaran. Wanda kake tambaya kuwa roba ce, dangin ta bututun ruwa. Kamfanin Columbia ya fito da babban a 1948, inci 12, juyi 33 da sulusi. Kamfanin RCA Victor ya biyo da ƙarami a 1949, inci 7, juyi 45. Duk wanda sunan ya ruɗe shi ya ɗora na roba a garmahon da ake murzawa da hannu, allurar ƙarfe za ta cinye shi a ji ɗaya. Ni "baƙin faifai" nake gani.

Mai shagon kaset, Gumel:
Malam, a gafarce ni, akwai ja, akwai fari, akwai wanda ake ganin hannu ta cikinsa, kuma na 78 ɗin ma baƙi ne. Abin da ya raba su duka da CD shi ne allura. A ce "faifan allura", sannan a rarrabe: na roba, da na garmaho.

Malamin makaranta, Ringim:
Na karɓa, Alhaji. Taka ta fi tawa.

Mai gyaran rediyo, Dambatta:
Madalla. To saura abin da ke cin kuɗin mutane, wato haruffan daraja da 'yan kasuwa ke sawa. NM a ce "kamar sabo". VG+ a ce "an mora kaɗan": akwai 'yan zane-zane da ido ke gani amma da ƙyar kunne zai ji. VG kuma "ya sha hannu", za ka ji ƙaf-ƙaf kamar ana suyar gyaɗa, musamman inda kiɗan ya yi ƙasa. Daga G, wadda ke ƙasa da VG, zuwa ƙasa kada ka biya kuɗin jirgi a kansa sai in ba a samun irinsa. A lura, daraja biyu ake rubutawa, ta faifan daban, ta kwalin daban. Kuma da yawa da ido suke yanke daraja, ba su saurara ba. Tambayi mai kaya ko ya ɗora shi ya ji, ko allura tana tsallake.

Mai shagon kaset, Gumel:
A ƙara da "bugun fari", wato na farko, da "sabon bugu", don a nan farashi ke rabuwa. Kwali na iya zama iri ɗaya sak. Shaidar tana jikin faifan: tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya akwai ɗan fili mai santsi, a nan aka kwarzana lambobi, sai ka karkata shi ga haske za ka gan su. Ka nemi hoton wurin, gefe biyu, ka gwada da lambobin da Discogs ya jera na wannan bugun. Mai kayan da ya ƙi turo hoton, ka bar masa abinsa. Layin da allura ke bi kuwa ni "kwari" nake ce masa, kamar kwarin kunya a gona.

Tela, Kazaure:
Kwari ya zauna, Alhaji, don ƙurar hunturu a cikinsa take kwanciya. Ga tawa: faifan da zafi ya lanƙwasa a ce "ya kantare". Wannan ita ce babbar matsalarmu a nan, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. In ya wuni a bayan mota daga Kano, ko a ɗakin kwano jingine da bango, sai ka ga hannun allura yana hawa da sauka. Da wuya ya koma daidai. A tsaye ake ajiye su, ba a jibga wani kan wani. Kafin a turo, ka ce a zare faifan daga kwalinsa, a bar shi cikin rigar takarda, a sa shi a bayan kwalin, a matse da kwali mai kauri gaba da baya. In an bar shi a ciki, jijjigar hanya za ta sa bakinsa ya tsaga gefen kwalin.

Mai gyaran rediyo, Dambatta:
Na rubuta su duka, Allah ya saka da alheri. Wanda ya kantare ɗin, a nemi hotonsa kwance a kan tebur, an ɗauka daga gefe, kafin a tura kuɗi.