Keken da mahaifina ya bari ya tsage, mai walda ya ce a sake ɗora masa wuta

Ɗan Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawara, kwana uku ke nan ban samu barcin kirki ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne. A ƙarshen shekarun 1970 aka tura shi kwas Ingila, ya dawo da keken tsere ƙirar Raleigh, ba irin mai birkin sanda da kowa ya sani ba, mai lanƙwasasshen kai ne da siraran tayoyi da giya goma. Muna yara ko taɓa shi ba ma yi. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya fito da shi tsakar gida ya goge da tsumma da man keken ɗinki, ya zagaya unguwa sau ɗaya, ya mayar ya rataye a ɗakinsa. Da ya rasu shekara shida da suka wuce aka zo rabon gado, ba wanda ya kula da keken, yayyena hankalinsu na kan gida da gona. Ni na ce a ba ni. Ya zauna a sito har aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota daga Hotoro zuwa Sharaɗa inda nake aiki ya fi ƙarfina, na sauke shi na sa taya da tiyub na fara hawa. Wallahi ban taɓa hawa abu mai sauƙi irinsa ba, da yatsa biyu nake ɗaga shi. Akwai wata sitika kore da baƙi a jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi, an rubuta 531. Yanzu ƙarfen ya tsage, ina jin yana ƙara in na taka feda. Mai walda ya ce in kawo gobe ya ɗora masa wuta. Zuciyata ba ta kwanta ba. In kai ko kada in kai?

Malamin Firamare:
Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa aljanna ce makoma. A ina ne ya tsage? Ba ka faɗa ba.

Tsohon Bakanike:
Kada ka kai. Na sake faɗa, kada ka kai. Ɗana, shekara talatin da wani abu na yi ina gyaran keke kafin idona ya yi rauni, irin wannan keken bai fi guda goma da suka ratsa hannuna ba. Wannan 531 da ka gani sunan ƙarfen ne, na kamfanin Reynolds da ke Birmingham, sun fito da shi a 1935. Ƙarfe ne da aka haɗa da sinadaran manganis da molibdinam, ya fi ƙarfen keken kasuwa ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa suka iya sirance bangon bututun. Dabarar kuma ta girme shi, tun 1897 suka yi mata rajista: bututu ɗaya, a waje kaurinsa ɗaya, amma a ciki bakinsa biyu sun fi kauri, tsakiyarsa sirara. Bakin kamar milimita 0.8 ko 0.9, tsakiyar 0.5 ko 0.6. Ka haɗa takardar littafi biyar ko shida, kaurin tsakiyar ke nan. Wannan shi ne sirrin rashin nauyin da kake yabo. To mai waldar lantarki da ya saba da ƙofa da taga, sandarsa na taɓa wannan sai ta huda shi kamar an ɗora garwashi a leda. Ka duba mahaɗar bututan, za ka ga kowanne an zura shi cikin wani ɗan ƙarfe kamar hannun riga. Ba narka ƙarfen aka yi ba, biras aka narka da wutar gas ya kwarara tsakaninsu ya riƙe. Biras yana narkewa wajen digiri 900, ƙarfe sai wajen 1,500. Wanda bai san wannan bambanci ba, kada ya kusanci keken nan.

Dillalin Gwanjo:
Yallaɓai in ya tsage ai ya gama aiki. Turo hoto ta akwatin saƙo in ga abin da zan iya ba ka. Giya da birki kawai zan cire, sauran sai 'yan gwangwan.

Ɗan Hotoro:
Ba na sayarwa ba ne, Alhaji. Baba Bakanike na gode. Gaskiya akwai abin da ban faɗa ba. Keken ba shi da kariya ta ɗora kaya a baya, ni kuma ina ɗauko kwanon abinci da kayan aiki, wani lokaci jarkar ruwa in an ɗauke famfo. Wata huɗu da suka wuce na kai wa wannan mai waldar ya liƙa mini kariya a kan siraran ƙarafan nan biyu da suka sauko daga ƙarƙashin sirdi zuwa tayar baya. Wurin ya ɗan huje a gefen dama, ya cike shi, ya goge, ya shafa fenti. A daidai gefen cikon ne ya tsage. Amma mutumin ƙwararre ne, shi ya yi mana get ɗin gida, shekara takwas ko motsi bai yi ba.

Tsohon Bakanike:
Inna lillahi. To ai an riga an yi ɓarnar. Get daban, keke daban. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, keken gaba ɗayansa bai wuce kilo 10 ko 11 ba. An ƙera shi ya ɗauki mutum ɗaya da gorar ruwan sha, ba ɗan garuwa ba. Wutar lantarkin nan ta ƙone ƙarfen da ke kewaye da cikon, ya zama mai gautsi, kowane rami ka faɗa jarkar tana dukan wurin. In ya sake ɗora wuta gobe, jibi zai tsage gaba da nan kaɗan. Kariya a irin wannan keken da ɗauri da noti ake kama ta, a sa roba a tsakani, ba a kai wuta.

Mai Firji:
Ni ina ganin an tsorata bawan Allah da yawa. Kawo mini shago, muna waldar gas kullum a bututun firji da na'urar sanyaya ɗaki, bututun da ya fi wannan siranta. Minti goma na gama. Tsofaffin masu gyara sun cika mayar da ƙaramin abu babba, haka wani ya riƙe mini babur wata biyu yana cewa sai an yi odar kaya daga Legas, ƙarshe yaron shagona ne ya gano waya ce ta tsinke.

Tsohon Bakanike:
Da wace sanda za ka yi? In irin taku ce ta jan ƙarfe mai fosfaras, a jan ƙarfe take aiki. A baƙin ƙarfe tana kamawa a ido, ta yi kyau, sannan ta ɓalle kamar ƙanzo ranar da mutum ke gangara. Sai dai sandar biras da hodarta, ko sandar azurfa ta gaske wadda ba fosfaras a ciki. Azurfa ta fi, don zafinta bai kai na biras ba. Akwai ma wani ƙarfen Reynolds da ya biyo baya, 753, wanda Joop Zoetemelk ya ci gasar tseren keke ta Tour de France ta 1980 a kansa da ƙungiyar Raleigh, shi a wancan lokaci kamfanin ba ya ma sayar wa maƙeri sai ya ci jarrabawar haɗa shi da azurfa. 531 ya fi shi haƙuri, shi ya sa nake ganin akwai sauran fata. Amma ba a cike tsaga da biras kawai a tashi. Ko dai a zare wannan siririn ƙarfen ɗungurungum a sa wani, ko a yanke wurin da ya ƙone a yi masa riga da wani ɗan bututu ya rufe sama da ƙasa, a zuba biras ya ratsa.

Mai Firji:
Ina da ta azurfa, tsada ce da ita kawai. Ba sai an koya mini sana'ata ba.

Ɗan Damagaram:
Ku kuna da sa'a, naku na Ingila ne. Nawa Peugeot ne na Faransa da kawuna ya bar mini, shi ma da 531 a jikinsa, amma Faransawa awonsu daban. Bututun sirdinsu milimita 28 ne, na Ingila 28.6, zaren feda daban, zaren akwatin feda daban. Na zagaya kasuwar Dole, na aika Maraɗi, na aika Kano, ba abin da ya shiga. Wani mai gyara ya tursasa feda ta zamani da guduma ya cinye zaren, da na yi magana ya ce keken ne tsoho. Shekara biyu yana jingine. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Uwar Biyu:
Ni tambayata daban ce. Ka ce yayyenka ba su kula ba ka ce a ba ka. An yi masa kuɗi an cire a kasonka, ko kyauta suka bar maka? 'Yan'uwanka mata an tambaye su? Ina faɗa ne don mu haka aka yi mana, keken ɗinkin mahaifiyarmu da akwatunanta maza suka ce tarkace ne, bayan shekara muka gan su a ɗakin matar wani. In keken nan yana da daraja kamar yadda Baba Bakanike ke faɗa, akwai haƙƙi a ciki.

Ɗan Hotoro:
Hajiya a gaban malamin da ya raba aka ba ni, kowa yana zaune, ba wanda ya ce uffan. Kuma ni ba kuɗi nake nema da shi ba. Masu cewa na yi ganganci, ku sani ba don wasa na ɗora jarka ba, ina da iyali, ruwa sai an nemo. Da na bar shi a sito tsatsa ta cinye shi fa? Ni a ganina hawansa shi ne girmama mai shi. Baba Bakanike, akwai fayif siriri a Ƙofar Ruwa, in na sayo mai waldar ya yi rigar da shi ba zai yi ba?

Tsohon Bakanike:
Fayif ɗin kujera za ka samu a can, mai ɗinki a ciki, laushi gare shi. Kuma har yanzu mai waldar nan kake ambata. Ka nemi mataccen keken tsere a wurin 'yan gwanjo, na Japan ma ya yi, masu sitikar Tange ko Ishiwata ƙarfensu mai kyau ne, a yanko daga jikinsa. Kafin nan ka duba mini abu uku. Lambar 531 a kan sitikar a karkace take ko a miƙe? In a karkace take, duka firam ɗin har fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, da ƙarafan baya na 531 ne. In a miƙe take, mai yiwuwa manyan bututu uku ne kawai. Na biyu, zare sandar sirdi ka karanta lambar jikinta, in ka ga 27.2 to bututun mai siraran bango ne. Na uku, sa yatsa ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuyan keke zuwa feda, dab da wuyan, ka shafa. In ka ji tudu ko fentin ya yi ƙyasbi, keken ya taɓa karo da wani abu ta gaba, wannan kuwa ya fi tsagar baya haɗari.

Malamin Firamare:
Shawarata mai sauƙi ce. Ka sayi Phoenix ko tsohon Raleigh mai birkin sanda na hannu, irin wanda aka riƙa haɗawa a nan Kano. Nauyinsu ya kusa ninka naka, amma buhun masara suke ɗauka daga ƙauye, kuma ko'ina ya karye mai walda zai liƙa ya zauna saboda ƙarfen mai kauri ne. Na Baba ka goge ka rataye kamar yadda shi ya riƙa yi. Shi da ya saye shi da kuɗinsa sau ɗaya yake hawa a mako.

Dillalin Gwanjo:
Ina da Phoenix biyu a ƙasa. Mu yi musaya, ka cika kaɗan.

Tsohon Bakanike:
Kada ka yarda da musayar nan. Malam kuma ban goyi bayan a rataye ba, keken da ba a hawa sandar sirdinsa kamewa take, danshi ya taru a ƙasan bututu ya ci shi ta ciki, kana ganin fenti lafiya lau. A gyara shi daidai, a cire kariyar, a hau shi ba kaya.

Ɗan Hotoro:
Na duba. Lambar a karkace take. Sandar sirdin ta ƙi fita, na sa mai na murɗa ta ƙi, tun da na sauke shi daga sito ban taɓa motsa ta ba. Ƙarƙashin bututun gaban kuma akwai ɗan tudu kaɗan, amma ina jin tun zamanin Baba yake, don faɗawar da na yi a kwalbati da damina ba da gudu ba ne, tayar ma ba ta lanƙwashe ba. Kuɗin keke na biyu ba ni da shi yanzu, kuma in an cire kariyar ban san yadda zan yi da kaya ba. Mai waldar ya ce wannan karon zai rage wuta ya yi amfani da ƙaramar sanda, kuma ba zai karɓi ko sisi ba tunda aikinsa ne ya buɗe. Litinin dole in je aiki.

Tsohon Bakanike:
Wace faɗawa a kwalbati kuma? Yanzu kake faɗa? Tudun nan shi ne maganar, ba kariya ba. Kada ka hau keken nan ranar Litinin. Ɗauki hoton wurin da rana, daga gefe, fok ɗin ya fito sosai, in ga ko ya koma baya.

Uwar Biyu:
Shirun mata a gaban malami ba yarda ba ce. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya ka tambaya.

Mai Firji:
Shagona a buɗe yake har ƙarfe tara. Ka zo da kuɗin sanda kawai.

Ɗan Damagaram:
In an samu mataccen keken Faransa a wurin 'yan gwanjon, don Allah a tuna da ni, feda da hannunta nake nema.

Ɗan Hotoro:
Kyamarar wayata ta fashe, sai ƙanena ya dawo da daddare. Baba Bakanike, in an rage wutar sosai fa, ko na wata ɗaya ne kafin a yi albashi?